Yadda za ka hana waya ɓata maka awo a kan lodin lantarki

Ka ɗauko fawa saflai, wato na'urar ba da wuta, da aka rubuta wa bolt 5, ka jona shi da lodin lantarki, ka sa lodin ya ja amfiya 10, sai allon ya nuna maka 4.65. Abin da yawancin mutane ke yi a nan shi ne su yanke hukunci cewa fawa saflan ba shi da ƙarfi, ko kuma algus ne. Sau da yawa kuwa ba shi da laifin komai. Bolt 5 ɗinsa na nan cif a bakinsa. Waya ce ta cinye sauran a hanya, lodin kuma abin da ya iso gabansa kawai ya faɗa.

Lodin lantarki na'ura ce da aikinta shan wuta bisa umarni. Da ita ake gwada batir, caja, fawa saflai, kwambata (mai sauya bolteji daga wani mataki zuwa wani) da faifan sola, a ga yadda za su yi idan aka ɗora musu nauyi. A cikinta akwai tiransistoci irin na MOSFET masu buɗewa da tsukewa don su ja daidai karan ɗin da aka nema, wato yawan wutar da ke gudana, wanda ake aunawa da amfiya, su mai da shi zafi, fanka ta kwashe. Tana kuma auna bolteji, amma idan ba ka gaya mata wani abu daban ba, a bakinta take aunawa, ba a bakin abin da kake gwadawa ba. Tsakanin bakunan nan biyu kuwa akwai waya, akwai noti, akwai kilif, kuma kowannensu na da rabonsa.

Maganin da masu ƙera na'urorin suka tanada shi ne awo daga nesa: wasu siraran wayoyi biyu da ake jonawa a ramukan da aka rubuta wa S+ da S−, su tafi kai tsaye har bakin abin gwaji. Suna aiki ƙwarai. Sai dai akwai abin da nake so ka riƙe tun daga farko, domin a kansa ne mutane suka fi tuntuɓe: wayoyin awo suna gyara abin da lodin ke gani ne kawai. Boltejin da ya zube a waya ya zube, zafin da take yi na nan, kuma wahalar da doguwar waya ke jawowa idan karan na sauyawa da sauri ba ta kau ba. Aiki biyu ne ke gabanka: gyara babbar waya, sannan kai awo inda ya dace.

Mataki na farko: yi lissafi kafin ka yanka waya

Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ita ce duk abin da kake buƙata a nan: boltejin da ke zubewa daidai yake da karan sau turjiya, wato yadda waya ke ƙin barin wuta ta wuce, wadda ake aunawa da om. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1, a zafin digiri 20, tana da turjiyar miliom 17.2 a kowace mita (miliom kashi ɗaya ne cikin dubu na om). Raba wannan adadi da kaurin wayarka, ka sami nata. Mai kaurin 1.5 tana da kusan miliom 11.5 a mita, mai 2.5 kusan 6.9, mai 4 kusan 4.3, mai 6 kusan 2.9, mai 10 kuma 1.7. Idan da ma'aunin Amurka na AWG aka rubuta wayar, ka tuna lamba na hawa ne waya na sirancewa: lamba 18 tana da kusan miliom 21 a mita, lamba 14 kusan 8.3, lamba 10 kusan 3.3.

Kada ka manta karan zuwa yake yi ya dawo. Idan tazarar da ke tsakanin lodi da abin gwaji mita ɗaya da rabi ce, wayar da karan ke bi mita 3 ce, ja da baƙa. Mutane da dama rabi suke lissafawa, sai su yi ta mamakin inda ragowar ta shiga.

Mu koma kan misalin da muka fara da shi. Waya mai kaurin 1.5, mita 3 gaba ɗaya, turjiyarta miliom 34.5. A amfiya 10 tana cin bolt 0.345, wato kusan kashi 7 cikin 100 na bolt 5, tana kuma ƙona kusan wat 3.5 a jikinta. Ka sauya ta da mai kaurin 6, rabin mita zuwa rabin mita dawowa, abin da zai zube bai kai milibolt 30 ba. Ka lura kuma cewa girman matsalar ya danganta da abin da kake gwadawa. Waccan siririyar wayar a kan bolt 48 da amfiya 2 milibolt 69 kacal za ta ci, abin da bai taka kara ya karya ba. Inda take yin ɓarna shi ne ƙaramin bolteji da babban karan.

Akwai masu cewa tun da an san turjiyar waya, sai a riƙa ƙara abin da ya zube da hannu a kan abin da allo ya nuna. Ban yarda da wannan hanya ba sai idan babu yadda za a yi. Turjiyar jan ƙarfe na ƙaruwa da kusan kashi 0.39 cikin 100 a kowane digiri ɗaya na zafi, don haka wayar da ta tashi daga digiri 20 zuwa 60 ta ƙara kusan kashi 16. Gwajin da ya ɗauki awa biyu, turjiyar da ka fara da ita ba ita za ka gama da ita ba. Ga kuma mahaɗai, waɗanda babu wani jadawali da zai gaya maka nasu. Sannan akwai wayar da cikinta alminiyom ne aka shafe da jan ƙarfe, wadda turjiyarta ta kai ninki ɗaya da rabi na ta gaskiya ko sama da haka. Kankare silin guda da wuƙa. Idan fari ya bayyana a ƙasa, ajiye ta gefe.

Mataki na biyu: tsaida inda kake son sanin bolteji

Wannan tambaya ce da ba a cika yi ba, alhali ita ke nuna inda wayoyin awo za su sauka. Idan kwambata kake gwadawa, wurin shi ne bakin fitarta a kan allon. Idan ƙwayar batir ce, jikin ƙarfen ƙwayar ne, ba ƙafar mariƙin da aka saka ta ciki ba. Idan kuwa caja ce mai haɗe da wayarta, kuma abin da ya dame ka shi ne abin da zai isa ga na'urar da za ta yi caji, to ƙarshen wayar cajar ne wurin, domin wayar tana cikin abin da ake gwadawa. Duk abin da ke bayan wurin da ka zaɓa, ta ɓangaren abin gwaji, ya shiga cikin sakamako. Duk abin da ke ta ɓangaren lodi ya fita.

Mataki na uku: haɗa manyan wayoyi

Kashe komai tukuna. Matso da lodin kusa da abin gwaji iyakar yadda iska za ta samu hanyar fita daga fankarsa. Yanka ja da baƙa tsawo ɗaya, gajeru. Wajen zaɓen kauri, kada ka tsaya a kan cewa wayar za ta iya ɗaukar karan ɗin ba ta narke ba. Wayar da ba ta narke ba tana iya cin rabin bolt. Zaɓi kauri bisa abin da ka yarda ya zube, kuma idan ba ka da mai kaurin da kake so, haɗa biyu a jere kafaɗa da kafaɗa, turjiya ta koma rabi.

Sa wa kowane kai zoben ƙarfe da aka matse da abin matsewa na gaske, ka ɗaure da noti tamau. Kilif mai bakin kada yana da sauƙin aiki, amma haƙoransa ƙalilan ne ke taɓa ƙarfe, turjiyarsa kuma na sauyawa duk lokacin da ka motsa shi. Ba abin amfiya 10 ba ne. Goge tsatsa da datti daga wurin haɗi kafin ka ɗaure.

Daga nan murɗe ja da baƙa tare kamar igiya, ko ka ɗaure su jiki da jiki idan sun yi kaurin da ba za su murɗu ba. Dalilin wannan zai zo a gaba. Idan waya ta yi saura, yanke ta, kada ka naɗe ta ƙawanya a kan tebur.

Duba fozitif da negatif sau biyu kafin ka jona. A jikin kowane MOSFET akwai dayod da ke barin karan ya wuce idan aka juya masa wuta, ko da lodin a kashe yake. Batir mai ƙarfi da aka jona a juye yana ganin lodin tamkar shot ne, wato kamar an haɗe fozitif da negatif kai tsaye. Tun da batir ba a iya kashe shi, sa fiyus a kan jar waya dab da bakinsa.

Mataki na huɗu: wayoyin awo

Dabarar ta tsufa. William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya yi amfani da ita tun 1861 wajen auna ƙananan turjiyoyi, shi ya sa har yau ake kiran awo mai waya huɗu da sunansa. Biyu na ɗaukar karan, biyu na auna bolteji. Wayar awo kamar ɗan aike ce mai kawo labari, ba a ɗora masa kaya, saboda haka ba ya zubar da komai a hanya. A ce turjiyar mashigar awo ta lodinka om 500,000 ce. A bolt 5, karan da ke bi ta wayar awo maikuro'amfiya 10 ne. Ko da turjiyar wayar ta kai om 0.2, abin da zai zube maikurobolt 2 ne, wanda allonka ba zai ma iya nunawa ba. Don haka siririyar waya ta wadatar, irin lamba 22 ko 24.

Abin da wayar awo ke tsoro shi ne hayaniya, wato ɗan boltejin banza da take tsinta daga na'urorin da ke kusa. Murɗe su biyun tare sosai tun daga bakin lodi har inda za su rabu su kama fozitif da negatif, kuma wurin rabuwar ya zama gajere. Idan a kusa akwai kwambata mai kunnawa da kashewa dubban sau a daƙiƙa, ko injin lantarki mai juyawa, ko taransifoma, yi amfani da waya mai rigar raga, ka haɗa rigar da atin, wato haɗin ƙasa, ta gefe ɗaya kawai, gefen lodi. Kada ka murɗe wayoyin awo a cikin manyan wayoyi; kowane biyu su bi hanyarsu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin sauka. Ka duba bakin batir da kyau: ga sandar batir, ga zoben babbar waya a kanta, ga noti a sama. Idan ka maƙala wayar awo a jikin zoben, ko a kan babbar wayar 'yan santimita baya, to turjiyar da ke tsakanin zobe da sanda ta shiga cikin awonka, ita kuwa ce mafi rashin tabbas a duk hanyar. Wayar awo ta taɓa ƙarfen abin gwaji da kanta, a wurin da babban karan ba ya ratsawa. A kan allon kwambata, liƙa ta da dalma a ƙafar kafasitan fita ko a wurin gwajin da aka tanada. Ga ƙwayar batir irin 18650, nemi mariƙi mai taɓi huɗu, wanda a kowane gefe yake da fil na tsakiya don awo da zobe na waje don karan.

S+ zuwa fozitif, S− zuwa negatif. Idan batir babba ne, sa ƙaramin fiyus a kan wayar S+ kusa da batir, domin siririyar waya da ta goge ta taɓa ƙarfe jan wuta za ta yi nan take. Manyan wayoyi ake fara jonawa, na awo su biyo baya. Wajen cirewa kuma na awo ne farko. A wasu na'urori akwai rizista a ciki tsakanin bakin awo da babban baki, kuma idan babbar waya ta fita alhali ta awo na jone, karan zai nemi bi ta wannan siririyar hanya ya ƙona ta.

Saura abu ɗaya da ake yawan mantawa: kunna awon nesa. A yawancin na'urori jona waya kaɗai bai isa ba, sai ka shiga saiti ka kunna, ko ka tura wani maɓalli a baya, ko ka cire 'yan ƙarafan da suka haɗe S+ da S− da manyan bakuna. Littafin na'urarka zai faɗa maka wanne ne. Idan fawa saflan da kake gwadawa shi ma yana da nasa wayoyin awo, kai su wuri ɗaya da na lodin. Bambancinsu shi ne fawa saflai yana ɗaga boltejinsa ya cike abin da waya ta ci, har zuwa wata iyaka, lodi kuwa ba shi da abin da zai ƙara.

Mataki na biyar: tabbatar kafin ka yarda

Gani ya kori ji. Kunna abin gwaji amma kada lodin ya ja komai tukuna. Karanta bolteji da awon nesa a kashe, sannan a kunne. Tun da babu karan, ya kamata su zo ɗaya. Idan sun bambanta, ko adadin na yawo, akwai wayar awo da ba ta kama ba.

Yanzu sa lodin ya ja kamar kashi ɗaya cikin goma na karan ɗin da kake nufi, ka ɗora multimita, wato mitar hannu ta auna bolteji, a daidai wurin da wayoyin awo suka sauka. Abin da multimita ta nuna da abin da lodin ya nuna su yi daidai, in ban da ɗan bambancin da kowace na'ura ke da shi. Ƙara karan a hankali har ka kai cikakke, kana dubawa.

A nan ne kuma za ka san ainihin turjiyar wayarka. Kada ka ɓata lokaci da saitin om na multimita, domin wayoyinta kaɗai sun fi abin da kake nema girma. Bar karan na gudana, ka sa multimita a milibolt, fil ɗaya a bakin abin gwaji, ɗaya a bakin lodi, a kan jar waya. Raba abin da ka gani da karan. Yi haka ga baƙar. Sannan bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya: fil a kan sanda, fil a kan zobe. Mahaɗin da ya fi sauran cin milibolt shi ne mai sako-sako, kuma bayan 'yan mintuna za ka ji ya fi sauran ɗumi. Idan abin da ka auna ya ninka abin da ka lissafa, ko dai mahaɗi ne, ko wayar ba ta kai kaurin da aka rubuta a jikinta ba.

Abin da kowane yanayin aiki ke yi da kuskuren

A yanayin CC, inda lodi ke riƙe karan a tsaye, karan ɗin daidai yake ko da wace waya, domin abin da ya shiga waya shi ke fita. Bolteji da wat ne ke yin ƙarya. Ɗauki kwambata mai shan wat 55 tana ba da bolt 5 a amfiya 10. Gaskiyarta kashi 91 cikin 100 take fitarwa. Da waccan siririyar wayar ba tare da awon nesa ba, wat 46.5 za ka gani, ka rubuta kashi 85, ka ɗora wa mai ƙira laifin da ba nasa ba.

Gwajin batir ya fi jin jiki. A ce waya da mariƙi sun haɗu sun kai miliom 60, kana jan amfiya 5 daga ƙwayar lithiyom, ka kuma saita a tsaya a bolt 3.0. Lodin zai tsaya ne alhali ƙwayar na kan 3.3, da sauran caji a cikinta, sai ka ce ta gaji. Ƙwayar lithiyom irin LiFePO4 labarinta ya ɗan bambanta: boltejinta na zama kusan 3.2 har dab da ƙarshe sannan ya faɗi da sauri, don haka amfiya-awa, wato yawan cajin da ka auna, ba za ta ragu sosai ba, amma wat-awa, wato yawan ƙarfin da ka auna, za ta ragu da kusan kashi 9. Mafi muni shi ne auna turjiyar cikin batir, inda ake raba sauyin bolteji da sauyin karan. Ƙwaya mai miliom 20 za ta fito da 80, uku cikin huɗu na adadin duk na wayarka ne.

A sauran yanayoyi uku kuskuren ba ya tsayawa a allo, yana shiga cikin nauyin da ake ɗorawa. A CR, inda lodi ke riƙe turjiya a tsaye, ka saita om 0.5, da waccan siririyar wayar abin gwaji yana ganin 0.535. A CP, inda yake riƙe wat a tsaye, ka nemi wat 50 daga bolt 5, lodin zai ja kusan amfiya 10.8 don ya cika nasa, abin gwaji kuma yana fitar da wat 54. A CV lodin na riƙe bolteji a tsaye a bakinsa, na bakin caja ko faifan sola kuwa ya fi haka da gwargwadon abin da waya ta ci. Da awon nesa duk waɗannan suna komawa daidai.

Sai dai da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tun da yanzu lodin da abin da wayoyin awo suka gaya masa yake aiki, guda ta fita ana tsakiyar gwaji, ya rasa ido. A CP wannan haɗari ne na gaske: idan ya ga bolteji ya faɗi, ƙara jan karan zai yi don ya cika wat ɗin da aka nema. Saita iyakar karan da iyakar wat kafin ka fara kowane gwaji, kuma ka ɗaure wayoyin awo yadda hannun riga ba zai fizge su ba.

Abubuwa biyu da awon nesa ba ya warkarwa

Na farko, kowane lodi yana da mafi ƙarancin boltejin da yake buƙata a bakinsa kafin ya iya jan cikakken karan, domin ko tiransistocin sun buɗe gaba ɗaya suna da turjiyarsu, ga kuma rizistan auna karan. Adadin na cikin takardar bayanan na'ura. A ce naka na buƙatar bolt 1.0 a amfiya 30, abin gwajinka kuma bolt 1.2 yake bayarwa. Rarar da kake da ita bolt 0.2 ce, wato waya da mahaɗai duka kada su wuce miliom 6.7. Da waya mai kaurin 2.5, ko mita ɗaya zuwa da dawowa ta cinye wannan. Allon zai nuna maka 1.2 daidai, godiya ga wayoyin awo, amma karan zai maƙale ƙasa da 30 ya ƙi hawa. Maganinsa jan ƙarfe ne mai kauri da gajeriyar hanya, babu wani saiti da zai yi maka.

Na biyu ya fi ɓuya. Waya tana da indoktans, wato tana ƙin saurin sauyin karan, kuma yawansa ya danganta da faɗin filin da ke tsakanin ja da baƙa. Wayoyin da aka bari a warwatse suna kaiwa kusan maikurohenri 1 a kowace mita. Boltejin da wannan ke haifarwa shi ne indoktans sau saurin sauyin karan. Da maikurohenri 2, idan ka sa lodin ya hau da amfiya 2.5 a kowace maikurodaƙiƙa, waya kaɗai na neman bolt 5. Idan abin gwajinka bolt 5 ne, babu abin da ya rage wa lodin. Tiransistocinsa za su buɗe har ƙarshe suna neman karan da bai iso ba, in ya iso kuma ya zarce, sai ka ga wani tsini a osiloskof, wato na'urar da ke zana siffar bolteji a allo, ka ɗauka halin fawa saflai ne. Wajen sauka kuma akasin haka ke faruwa: bolteji a bakin lodi ya yi tsalle sama, wani lokaci har kariyarsa ta katse gwajin.

Kana iya sanin iyakarka tun kafin ka fara. Cire mafi ƙarancin boltejin lodi daga na abin gwaji, ka raba da indoktans. Bolt 3.3 a cire 0.8, saura 2.5, a kan maikurohenri 2, ba za ka wuce amfiya 1.25 a maikurodaƙiƙa ba, kome ka rubuta a saiti. Wannan ne dalilin murɗe ja da baƙa: filin da ke tsakaninsu ya tsuke, maganaɗisun ɗaya ya kashe na ɗaya, indoktans ya ragu sosai. Kauri ba ya taimakawa a nan kamar yadda yake yi wa turjiya. Gajarta da matsewa ne ke aiki.

Doguwar waya na iya sa lodi ya shiga kaɗawa, karan na hawa yana sauka da kansa ko a CC. Alamominsa su ne lambobin ƙarshe na allo sun ƙi tsayawa, ko wani siririn kuka daga abin gwaji, ko multimita da lodi su ƙi yarda da juna duk da haɗin daidai yake. Ɗora osiloskof a bakin lodi ka gani. Fara da rage saurin hawan karan a saiti, ko ka zaɓi martani mai jinkiri idan na'urar na da shi. Gwajin batir da na inganci ba sa buƙatar sauri ko kaɗan. Idan bai lafa ba, gajarta waya ka ƙara murɗewa. Idan tazarar ta zama dole, jona rizista na 'yan om a jere da kafasita na 'yan maikurofarad, ka ɗora su tsakanin fozitif da negatif a bakin lodi, kafasitan kuma ya zama mai jure boltejin da kake aiki da shi. Amma idan saurin martanin fawa saflai kake aunawa, cire su, domin suna tausasa tsallen karan da kake son gwadawa da shi. A CV, CR da CP, inda wayoyin awo ke cikin da'irar sarrafawa, kashe awon nesa na ɗan lokaci ka gani: idan kaɗawar ta tsaya, to hayaniya ce ke shiga ta wayoyin awo, sai ka sauya musu hanya ko ka sa mai riga.

A gwajin saurin martani, allon lodi ba shi da amfani, ya yi jinkiri da yawa. Osiloskof ne zai gaya maka, kuma fil ɗinsa a bakin abin gwaji zai zauna, da gajeriyar ƙafar atin irin ta sifirin, ba doguwar wayar mai kilif ba. Duba siffar karan ɗin ma, da abin auna karan mai maƙalawa a waya, ka tabbatar saurin da ka saita shi ne wanda ya faru.

Idan ka gama, rubuta tare da sakamakon tsawon manyan wayoyi da kaurinsu, milibolt nawa suka ci a cikakken karan, ko awon nesa na kunne, daidai inda S+ da S− suka taɓa, da saurin hawan karan da ka saita. Wanda zai maimaita gwajin a wani teburi da wata waya yana buƙatar waɗannan kafin ya kwatanta adadinsa da naka.